Masu Dirar Laima: A Bi Tsarin Sauka, A Daina Juyi Kusa Da Ƙasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi bayani a kan wani fanni da jama'a ke son kallo amma ba kasafai ake warware musu shi da Hausa ba, wato dira daga jirgin sama da laima. A Kaduna abin ba baƙo ba ne. Ga Jaji kan hanyar Zariya inda ake horar da sojojin laima, ga makarantar hafsoshi ta NDA, ga sansanin Sojojin Sama a Mando. Ban da sojoji kuma, yanzu akwai samari da 'yan mata da ke zuwa Dubai ko Afirka ta Kudu su biya kuɗi su dira don nishaɗi, wasu har su zarce da koyon abin gadan-gadan. Mai karatu zai tuna bidiyon da suka yi ta yawo a 2022, lokacin atisayen bikin 'yancin kai a Abuja, inda aka ga wasu masu laima sun sauka a inda ba nan aka nufa ba. An sha raha a Facebook, amma kaɗan ne suka tambayi yadda ake tsara sauka tun farko, da abin da ke sa ta ƙwace wa mutum.

Yawancin mutane sun ɗauka babban haɗarin shi ne laima ta ƙi buɗewa. Wannan na faruwa, amma an daɗe da yi masa tanadi. Mai dirar wasa yana goye da laima biyu, babba da ta ko-ta-kwana, kuma akwai wata 'yar na'ura a cikin jakar da ke buɗe ta ko-ta-kwana da kanta in mutum ya suma ko ya shagala. Irin wadda ake kira CYPRES, ƙirar Jamus da ta shigo kasuwa a 1991, tana aiki ne a wajen ƙafa 750 daga ƙasa in ta ji mutum na faɗowa da gudun da ya wuce kima. Ƙungiyar masu dirar laima ta Amurka, USPA, ta ƙirga mutuwar mutum 10 a cikin dira kusan miliyan 3.65 a shekarar 2023. Abin da rahotanninta ke maimaitawa shekara da shekaru shi ne, kaso mai yawa na masu mutuwa da masu karaya laimarsu ta buɗe lafiya lau. Ƙafa 1,000 na ƙarshe ne ke cin mutane, abin da bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba: ko dai mutum ya yi juyi kusa da ƙasa, ko biyu su yi karo a sama.

Laima iri biyu ce. Akwai mai zagaye, wadda ake zubo sojoji da ita da yawa lokaci guda, igiyar da ke maƙale da jirgi ta buɗe ta. Wannan iska ce ke kai ta, ikon mai ita kaɗan ne, kuma nauyin yana kan wanda ya lissafa inda za a sake su. Sai mai kusurwa huɗu, wadda Domina Jalbert ya samu lasisin ƙirƙirarta a 1966. Ita wannan fiffike ce sosai, iska na shiga aljifanta ta gaba ta cika su, sai ta riƙa tafiya gaba kamar ƙaramin jirgi marar inji. Tana da linzami biyu, dama da hagu. Ka ja dama ta juya dama, ka ja hagu ta juya hagu, ka ja duka biyun ta rage gudu, wato birki. A kanta maganarmu take, domin ita ce ke hannun masu dirar wasa da masu nuna bajinta a bukukuwa da sojoji na musamman.

Da zarar laima ta buɗe, mutum ya duba ta, ya gwada linzami da birki, sai ya nufi wurin jira. Wurin jira yana ɓangaren da iska ke fitowa, gefen filin sauka, ba bisa tsakiyarsa ba. Nan zai yi ta shawagi yana kallon agogon tsayi da sauran laimomi. Kafin ya sauko ƙafa 2,000 dole ya yanke hukunci: zan kai filin nan ko ba zan kai ba? In ba zai kai ba, a wannan tsayin zai zaɓi wani fili, ba sai ya ga rufin kwano a ƙarƙashin takalminsa ba.

Daga nan sai zango uku. Na farko yana farawa a ƙafa 1,000, kimanin mita 300, wasu wuraren kuma 900 suke koyarwa. Mutum zai ba iska baya ya bi ta, filin sauka na gefen hagunsa. A ƙafa 600, wajen mita 180, sai ya juya hagu kwana ɗaya, digiri 90, ya ratsa iska a gicciye. A ƙafa 300, wajen mita 90, ya sake juyawa hagu digiri 90 ya fuskanci iska. Daga nan babu sauran juyi. Sai 'yar gyara kaɗan da ba ta karkata fiffike, har ƙasa. Duk wanda ya koyi tuƙin jirgi a kwalejin Zariya ya san wannan zagayen, domin daga wurin matuƙa aka aro shi, su ma hagu suke bi saboda matuƙi a kujerar hagu yake zama. Akwai filayen da ke bin dama saboda titin jirgi ko gine-gine, kuma ba laifi, muddin an faɗa wa kowa a ƙasa kafin a hau jirgi.

Wani zai ce, in ni gwani ne, me zai hana in sauka yadda na ga dama? Amsar ita ce tsarin ba don kai kaɗai aka yi shi ba. Jirgi ɗaya na iya zubo mutum 15 ko 20, kuma duk fili ɗaya suke nufa cikin 'yan mintuna. Mai laima ba shi da madubi, ba shi da oda, laimarsa ta tare masa sama, bayansa kuma ba ya gani. Abin da ke tsare shi kawai shi ne ya san inda kowa zai bi kafin ya bi. Kamar shataletale ne a cikin gari: kowa na zagayawa ta ɓangare ɗaya, mutum guda ya shigo ta baibai ya isa ya haɗa mota biyar. Laimar ɗalibi na tafiyar kilomita 35 ko makamancin haka a awa. Biyu suka fuskanci juna, gudun haɗuwarsu ya kai 70, tazarar mita 100 za ta ƙare cikin daƙiƙa 5. In kuma suka sarƙe a ƙafa 200, babu abin yi, domin ƙa'ida ita ce ba a sakin babbar laima ƙasa da ƙafa 1,000, ta ko-ta-kwana ba za ta samu sararin buɗewa ba.

Saboda haka akwai ƙa'idojin hanya. Wanda ke ƙasa shi ke da hanya, na sama ne zai kauce, don shi ke ganin ɗan'uwansa. In an fuskanci juna kowa ya karkata damansa. Kafin kowane juyi a waiga a duba ɓangaren da za a juya, har da ƙasa da baya. Kada a bi bayan wata laima kai tsaye, domin tana barin hargitsattsiyar iska a bayanta wadda ke iya girgiza ta baya ko ta naɗe mata gefe. Kuma tun a sama ake raba tsayi. Mai ƙaramar laima mai sauri ya riga sauka, mai babba ya riƙe rabin birki ya dakata. Abin takaici shi ne a ga mai babbar laima yana murɗa ta yana jujjuyawa don ya riga kowa taɓa ƙasa, sai ya tsinci kansa a gaban masu gudu, ya tare musu hanya a daidai inda ba su da wurin kaucewa.

Batun alƙiblar sauka ma a ƙasa ake gama shi. In iska na da ƙarfi babu gardama, tutar iska ta nuna. Rikicin yana zuwa ne ranar da iska ke wasa, yanzu ta gabas, anjima ta kudu. Kowa sai ya bi abin da ya gani a tuta, wannan ya shigo ta nan, wancan ta can. Maganin shi ne a sa doka ɗaya: ko dai a shimfiɗa babbar kibiya a fili kowa ya bi ta, ko a ce wanda ya fara sauka shi ya kafa alƙibla. Mu mun fi son kibiya, domin na farkon na iya zama shi ne ya yi kuskure, kuma na sama ba lalle su gan shi ba.

Tsayin juyi ba ya canzawa, amma wurin da za a yi juyin a ƙasa yana canzawa da ƙarfin iska, kuma nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa. Mu ɗauki laimar da ke tafiya mita 10 a daƙiƙa, tana sauka mita 4.5 a daƙiƙa. Zangon ƙarshe na mita 90 zai ɗauki daƙiƙa 20. In babu iska, za ta ci mita 200 a ƙasa, don haka sai mutum ya wuce inda yake so ya sauka da mita 200 kafin ya juyo. In iska na kilomita 18 a awa, wato mita 5 a daƙiƙa, mita 100 kacal za ta ci. A zangon farko kuwa iskar tura shi take yi, yana cin mita 15 a daƙiƙa. Wanda ya saba juyawa a kan wata bishiya ko kwanar hanya, ya manta cewa yau iska ta fi ta jiya, zai juyo ya tarar filin ya yi masa nisa, ƙarƙashinsa kuma katanga ce ko gidaje. Ƙa'idar ita ce, iska na ƙaruwa kana matso da zagayenka kusa da fili. In ta yi ƙarfi sosai, kada ma ka wuce saitin inda za ka sauka kafin ka juya zuwa zango na biyu. Shi ya sa USPA ta kayyade wa ɗalibai iskar da ba ta wuce mil 14 a awa ba, kimanin kilomita 22.

Akwai dabarar gane inda za ka faɗa. A zangon ƙarshe ka dubi ƙasa a gabanka. Wurin da kake gani yana gangarowa ƙarƙashinka, za ka wuce shi. Wurin da kake gani yana hawa sama, ba za ka kai shi ba. Wanda ya tsaya cak, nan ne masaukinka. In ka ga za ka zarce, a zango na biyu ake gyarawa, a ɗan faɗaɗa shi ko a tsuke shi. A zangon ƙarshe ba a yin lanƙwasa dama da hagu don rage tsayi, domin akwai mutane a bayanka da suka ɗauka miƙe za ka tafi. Gara ka wuce alama da mita 50 ka tako da ƙafa.

Juyi kusa da ƙasa shi ya fi komai kisa. Mutum na rataye ne mita da yawa ƙarƙashin fiffike. In ya ja linzami ɗaya da ƙarfi, laimar na nutsa hanci ƙasa, shi kuma ya wulwulo waje, har ya zama kusan laimar na gabansa ba samansa ba. A wannan halin saukarsa ta ninka, kuma ko ya saki linzamin sai laimar ta ci wani tsayin kafin ta dawo bisa kansa. In ƙasa ta riske shi kafin nan, birki ba zai yi aiki ba, shi da laimar tare za su bugi ƙasa. Abin da ke karyewa sananne ne: ƙashin cinya, ƙugu, gadon baya, kai. Me ke sa mutum ya yi haka? Sau da yawa tsoro ne na sauka iska na bayansa. An nanata masa a aji cewa a fuskanci iska, sai a ƙafa 100 ya lura ya juya mata baya, ya finciko linzami don ya gyara.

Don haka malamai suka jera abubuwan da ake fifitawa, ɗaya bayan ɗaya. Na farko, fiffike ya kasance a daidaice bisa kanka, kana tafiya miƙe. Na biyu, fili marar cikas. Na uku, ja birki aƙalla rabi, ka shirya faɗuwar mirgine. Fuskantar iska tana bayan waɗannan duka. Sauka da iska a baya ba daɗi, gudun ƙasa na iya kai kilomita 50 kafin birki, za ka sha ƙasa, ka ƙuje, wataƙila ka gurɗe. Amma wannan gudun shafar ƙasa yake yi, na mai juyi kuwa caka ta yake yi. In dole ne a kauce wa wani abu a ƙasa-ƙasa, akwai juyin birki: ka ja linzami biyu zuwa rabi, sannan ka ɗan ƙara ɗaya ko ka ɗan sassauta ɗayan. Laimar za ta juya a hankali ba tare da ta nutsa ba. Wannan sama da ƙafa 2,500 ake koyonsa, a yi ta maimaitawa, a kuma riƙa duba agogo a ga ƙafa nawa kowane irin juyi ke ci a wannan laimar, domin kowace da halinta.

Girman laima na da hannu a nan. Ana raba nauyin mutum da kayansa, a ma'aunin laba, da faɗin laimar a murabba'in ƙafa. Mai kilo 80 da kaya kilo 12 ya kai laba 203. A laima mai faɗin 240 lissafin ya ba da 0.85, daidai da ɗalibi. Shi ɗin dai a laima mai 120 ya zama 1.7, kuma kuskuren da zai tashi ya kakkaɓe wando a ta farko, a ta biyu sai an ɗauke shi. Samari na son ƙaramar laima don ita ce ta bidiyo, wadda ake nutsowa da gangan a shafi ƙasa da gudun da ya haura kilomita 100. Wannan fanni ne mai zaman kansa, na waɗanda suka yi ɗaruruwan dira da horo na musamman. Bayan wasu munanan karo a Amurka, a 2007 USPA ta wajabta wa filayen da ke ƙarƙashinta su raba masu wannan salon da masu bin tsarin yau da kullum, ko a ba su wani yanki daban, ko a sake su a wani zagayen jirgi daban. Duk mai shirya dira a ƙasar nan ya kamata ya ɗauki wannan tun kafin a yi asarar rai.

Akwai abubuwan da suka shafi yanayinmu na nan wanda littattafan waje ba za su faɗa maka kai tsaye ba. Kaduna na sama da teku da kimanin ƙafa 2,000. A lissafin masu jiragen sama, zafin da ya dace da wannan tsayin digiri 11 ne, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru kamar an ɗaga filin ne da ƙafa 120. Rana tsaka a watan Maris ko Afrilu, zafi na 35, iskar ta zama kamar ta ƙafa 5,000. Iska marar kauri ba ta riƙe fiffike sosai, gudu na ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100 a kowace ƙafa 1,000, wato kusan kashi 10 ke nan, ƙarfin bugu kuwa ya ƙaru da wajen kashi 20. Wanda ya koyo a Dubai, bakin teku, zai ga laimar da ya sani ta ƙara gudu, juyi na cin tsayi fiye da da, birki kuma bai kama kamar yadda ya saba ba. A Jos abin ya fi haka.

Da hunturu iska daga arewa maso gabas take, takan tsananta da hantsi, ga hazo. A dokar Amurka ba a dira sai ana hangen mil 3 in ana ƙasa da ƙafa 10,000, mil 5 in an haura. Ranar da ƙura ta rufe gari har jirage suka kasa sauka, ba ranar dira ba ce ko da manyan baƙi sun riga sun zauna. Da bazara kuma guguwa ce abin tsoro, irin wadda ke tashi a fili ta kwashi leda da karmami. Tana iya naɗe laima gaba ɗaya. A busasshiyar ƙasa ana ganinta, a kan ciyawa ko kwalta ba lalle ba. Tana bin iska, don haka a gicciye ake guje mata. Da damina iska daga kudu maso yamma take zuwa, amma kowa ya san hadari daga gabas yake tasowa, kuma iskar da ke gabansa na isowa kafin ɗigon farko, ta juya alƙibla cikin minti kaɗan. Jirgi kan ɗauki minti 15 zuwa 20 yana hawa, wanda ya isa a ce iskar da aka gani a ƙasa ba ita za a tarar ba. A duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, a kuma ajiye mutum a ƙasa da rediyo da ikon cewa a fasa.

Duk abin da ya tsaya a hanyar iska yana hargitsa ta a bayansa, har nisan da ya kai tsayinsa sau 10 zuwa 20. Jerin mangwaro ko dalbejiya mai tsayin mita 15 na iya lalata iska har mita 150 zuwa 300. Wannan ne ya sa sauka a filin wasa irin na Ahmadu Bello, ko Dandalin Murtala, ko duk wani fili da gine-gine suka kewaye, aikin ƙwararru ne kawai. Iskar da ke saman rumfa daban, ta ciki daban, tana iya ma juyowa baya. Ga ɗalibi, USPA na son fili marar wani cikas har mita 100 ta kowane gefe, mai matsakaicin lasisi mita 50.

Wayoyin lantarki kuwa, duk wanda ya san Mando ya san manyan layukan da ke shiga tashar wuta ta can. Daga sama ba a ganin waya, turaku ake nema, a kuma ɗauka cewa kowace hanya da kowane jerin gidaje akwai waya a gefensu. In ta zama dole, a bi tsawon wayar kada a ratsa ta, a jefar da duk wani ƙarfe da ke hannu, kada a taɓa biyu lokaci guda. Wanda ya rataye a kai kada kowa ya taɓa shi ko laimarsa, kada a kawo tsani, sai an tabbatar an yanke wuta. Cewa ai babu wuta a unguwa yanzu ba hujja ba ce, ana iya kawowa kowane lokaci. Mai sauka a gona ya bi tsawon kunya, kada ya gicciye ta, ya kuma yi hattara da tushiyar dawa da masara bayan girbi, tana huda takalmi da cinya. Kusa da Kogin Kaduna da damina, rigar ruwa ba ado ba ce.

Wani abu da ake mantawa shi ne agogon tsayi. Ana saita shi a sifiri a inda jirgi ya tashi. In za a sauka a wani filin da ya fi wannan tudu da ƙafa 200, agogo zai nuna 300 alhali saura 100. Dole a nemi tsayin filayen biyu a gyara agogo, a gyara na'urar ko-ta-kwana ita ma. Kuma ƙasa da ƙafa 300 ido ya fi agogo, musamman mai allura.

Birkin ƙarshe shi ma da ƙa'idarsa. A bar laima ta yi cikakken gudu, hannuwa sama, na wajen daƙiƙa 10 kafin ƙasa, domin wannan gudun ne ake mayarwa ɗagawa. Ido a gaba, kamar digiri 45, ba tsakanin ƙafafu ba. A tsayin mita 3 zuwa 4 ga babbar laima, a ja linzami biyu daidai wa daida har ƙasa, a gama jan. Wanda ya ja da wuri kada ya saki, don in ya saki laimar za ta zabura gaba ta buga shi da ƙasa. Ya riƙe inda yake, ya ƙarasa in ya matso. Kada a miƙa hannu ɗaya don tare ƙasa, hannun na riƙe da linzami, laimar za ta juya can ɗin da ake tsoro. Ƙafafu da gwiwoyi a haɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, haɓa a ƙirji, a mirgina ta gefe: tafin ƙafa ta gaba, sha-raɓa, cinya, ɗuwawu, sannan gefen baya. Duk sojan laima da ya bi ta Jaji ya sha wannan atisayen har ya gaji, kuma bai kamata masu dirar wasa su raina shi ba. Bayan an taɓa ƙasa, a janyo linzami ɗaya har laimar ta mutu don kada iska ta ja mutum, a juya a fuskanci masu saukowa, a tattara a fice daga fili.

Muna kira ga masu shirya bukukuwa su bar wa shugaban dira hukuncin a yi ko a fasa, kada a matsa masa don jadawalin biki. A samu izinin hukumomin sufurin jiragen sama, a zagaya filin da ƙafa tun kafin ranar, a nuna wa kowa hotonsa daga sama da filayen ko-ta-kwana, a sa tutar iska ko hayaƙi inda za a gani daga ƙafa 2,000, motar asibiti kuma ta kasance a wurin kafin jirgi ya tashi.

'Yan kallo ma da nasu. Mun san halinmu, da an ga laima ta doso sai yara da masu babur su kwasa a guje zuwa inda za ta sauka, kowa da waya a sama. Mai laimar nan ba zai iya tsayawa ba, kuma in yaro ya gifta masa a ƙafa 50, zai finciki linzami ya yi juyin nan da muka bayyana don kada ya buge shi. A tsaya bayan igiya. In laima ta nufo ka, kada ka yi ta kai da kawowa, ka tsaya wuri ɗaya ko ka durƙusa, shi zai kauce maka. In wani ya faɗi da ƙarfi, kada a ɗaga shi, kada a zaunar da shi, kada a cire masa hular kwano, kada a ɗura masa ruwa. A riƙe kansa da wuyansa yadda suke, a kashe laimar don kada ta ja shi, a danne inda jini ke zuba, a jira ma'aikatan lafiya su ɗora shi a kan katako. Karayar cinya ko ƙugu na zubar da jini mai yawa a ciki ba tare da an gani ba, don haka asibiti za a nufa a ɗauki hoto, ba gidan mai ɗori ba.

Mun gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu koyar da dirar laima,
Kaduna.